Ƙarfen Sabis da Ciwon Kan Inna

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta damanar da na kusa jawo wa mahaifiyata bala'i da ilimin teburin mai shayi ba.

Shekarar ce aka kafa ƙarfen sabis a bayan gidanmu, a wani ƙauye da ke hanyar Mai'adua. Murna muka yi sosai, don kafin nan sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama, ƙarshe ma layin Nijar ya kama shi.

Ba a yi wata biyu ba Inna ta fara ciwon kai. Da safe garau take, amma rana na yin tsaka sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta, tana cewa ƙeyarta kamar ana sara da gatari. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina: na gama sakandare, ina sayar da awaki a kasuwa, ga babbar waya a aljihu. A teburin mai shayi na ji wani direba yana rantsuwa cewa ƙarfen nan wata iska yake fitarwa mai dafa ƙwaƙwalwa. Wani ya ce kajinsa sun daina ƙwai. Wani tsoho ya ce shi ma tun da aka kafa shi matarsa ta ƙara faɗa. Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa na riƙe maganar direba gam.

Ina shiga gida na ce, "Inna, na gano ciwonki. Wancan ƙarfen ne."

Ta ce, "To Auta, ko asibiti za mu je su duba?"

Na ce, "Me za su yi miki? Maganinsa kawai a yi nesa da shi."

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ita ce ta nemi asibiti, ni mai boko na hana.

Na mayar da gadonta ɗakin da ya fi nisa da ƙarfen. Na buga tsohon kwanon rufi a taga, wai don ya tare iskar. Ɗakin ya koma kamar tanda, Inna tana fifita tana sa mini albarka. Sati uku muna haka, ciwo sai gaba yake, har jiri ya kayar da ita a bakin murhu. Sai na ce lallai ƙauyen gaba ɗaya za ta bari. Na sa ta a mota muka nufi Daura, gidan yayata da ke aure kusa da rijiyar Kusugu.

Yaya ta saurari bayanina har ƙarshe, ta dubi idon Inna, sannan ta dube ni. "Auta, yaushe ka zama likita ba mu sha biki ba?" Mayafi kawai ta yafa, ta tare mana adaidaita sahu.

A asibiti malamar jinya ta ɗaura wa Inna abin awo a hannu. Ta duba, ta sake aunawa, sai ta tashi da sauri ta kira likita. Ya ce hawan jini ne, ya hau sosai, da mun ƙara jinkiri yana iya shanye mata ɓarin jiki. Amma duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Likita, to ƙarfen sabis fa?"

Ya yi murmushi. "Malam, ni dai ba a taɓa kawo mini wanda ƙarfe ya kwantar ba. Hawan jini kuwa kullum sai na gani. Tun yaushe take ciwon kan?"

Inna ce ta amsa, "Bai daɗe ba, likita." Rufa mini asiri ta yi, tana kwance a gadon da ni na kai ta.

Kwana huɗu aka sallame ta da magani da sharaɗin rage gishiri. Ta koma ɗakinta na asali, kuma har yanzu tana nan da ranta, tana yi wa jikoki faɗa.

Abin da na koya shi ne, in naka ya ce ba shi da lafiya, a fara kai shi a auna shi. Neman mai laifi yana iya jira, ciwo kuwa ba ya jiran kowa ya gama surutu.