Shayin Gwangwani

Jiya a wurin aiki wani injiniya ɗan Ostireliya ya nuna mini hoton kabarin kakansa, sojan da ya mutu a Masar a yaƙin duniya na biyu. Na ce nawa kakan ma ya san yaƙin. Yana hanyar hajji a ƙafa guzuri ya ƙare, ya yi wa sojojin Ostireliya dakon ruwa.

A wurinsu ya koyi shayin gwangwani. A tsakar gidanmu na unguwar Karantina yakan dafa shi a gwangwanin madara mai mariƙin waya, ya miƙe ya wujijjiga shi sau uku don ganyen ya kwanta, ko ɗigo ba ya zuba. Kakata ta ce, "Alhaji, za ka ƙona mu!" Ya ce, "Halas, ya isa, Hajiya, miƙo kofi."

Injiniyan ya nemi ganin hoton kakan nawa. Babu. An rushe gidan, gwangwanin ya bi ƙasa, kabarinsa kuma ba alama. Na laluba zuciyata ban ji komai ba, sai ɗacin shayin nan mai warin hayaƙi.

Allah dai Ya san inda yake kwance. Ya shayar da shi ruwan Alkausara.