Aljanin Gogen Turawa

Da girmana, har da furfura a gemu, na shiga koyon gogen Turawa wurin maƙwabcina a unguwar Badariya, wani mutumin Filato mai yi wa mawaƙan cocinsu kiɗa. Abin da ya gagare ni shi ne karkaɗa yatsa a kan tsirkiya don sautin ya riƙa rawa kamar muryar mai shirin kuka. Kullum sai ya dubi hannuna ya ce, "Maigida, wannan ai taɓarya ce."

Ranar da gwaggona ta zo daga Argungu ganin likitan ido, ta iske ni a tsakar gida na maƙale goge a haɓa, ido rufe, ina fama da girgiza hannu. A wurinta kuwa in goge da karkarwa suka haɗu, bori ne kawai. Ta yi salati ta ce, "Wanga yaro, yaushe sunka kama ka?"

Ban gama bayani ba ta turnuƙe ni da hayaƙin tazargade, ta sa aka kira wani malami mai bulala. Ya riƙa daka mini tsawa a kunne, wai aljani ya faɗi sunansa. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce duk haka suke faɗi, ya ƙara mini da bulala biyu a baya.

Da la'asar na je darasi jikina na ɓari. Ina ɗora yatsa sai ga sauti yana rawa tiryan-tiryan. Maƙwabcina ya miƙe yana tafi, ya ce, "Yauwa, Maigida! Duk abin da ka yi yau, ka riƙa yin sa kullum."