Tol Ɗin Galmai

Galmai bai taɓa riƙe sitiyari ba. Batube ne na wajen Dirku. Raƙumansa suka ƙare a shekarar fari, ya sayar da na ƙarshen ya sayi tol guda biyu, ƙarfen nan mai faɗi mai huji-huji da ake cusawa ƙarƙashin taya idan mota ta kafe a rairayi. Da su ya ci abinci har ya tsufa. Direban da zai tafi Agadas sai ya ɗauke shi, shi da ƙarafansa. In rana ta take, ya kafa su ya rataya bargo ya yi inuwa. Direbobi suna tsokanarsa wai su ne 'ya'yansa, shi kuma ya ce aƙalla ba su taɓa roƙonsa kuɗin taba ba.

Sau ɗaya na yi tafiya da shi, shekarar da ciwon ciki ya kwantar da maigidana Abari, aka ce sai asibitin Agadas. Mu tara ne a motar wani direba Shegu. Ina baya kan buhunan dabino, kan Abari a cinyata. A rana ta biyu da hantsi na ji kan ya ƙara nauyi. Na buga rufin motar aka tsaya, ashe ya cika.

Taimama aka yi masa, don ruwan da ya rage jarka biyu ne. Aka naɗe shi da rawaninsa. Amma ramin ya ƙi tsayuwa, ana haƙa rairayi na komawa. Ba itace, ba dutse, ba abin da za a rufa masa kafin ƙasa. Galmai ya je ya kwance tol ɗaya ya kawo.

Shegu ya ce, "Kawu, kanka ɗaya kuwa? Laushin rairayin Ashegur na gabanmu."

Galmai ya ce, "Kullum kana cika bakin ka iya tuƙi. Yau sai mu gani."

Ina jinsu. Ban san ko godiya zan yi ko hanawa ba. Aka gitta ƙarfen a kansa, aka tura ƙasa, aka yi addu'a.

Ba mu yi wani nisa ba motar ta nutse har ciki. Aka rage iskar tayoyi, aka tone da hannu, Galmai ya cusa tol ɗin da ya rage a dama. Tayar hagu ta yi ta juyawa tana haƙa wa kanta rami. Ya mayar hagu, ta dama ta nutse. Aka sa tabarma da bargo, taya ta tauna ta tofar. Injin ya yi zafi, shi ma aka ba shi ruwa. Kafin la'asar jarka ɗaya ta tafi, rijiya kuwa sai an yi wuni a mota.

Nan magana ta kaure. Wata mai sayar da gishiri ta ce mai rai ya fi gawa bukata, a koma a ɗauko ƙarfen. Wani dattijo ya ce tone kabari ba abin wasa ba ne. Wani ya ce ya taɓa jin malamin garinsu ya ce lalura tana halatta shi, da aka matsa masa kuma sai ya ce wataƙila ba a kan kabari ya ji ba. Duk cikinmu babu mai karatun da zai raba gardama. Sai Shegu ya durƙusa gabana.

"Matar Abari, gawar taki ce. Abin da kika ce shi za a yi."

Ni da safiyar ranar ina da miji. Ko hawaye ban samu na yi ba. Na dubi jarkar, na dubi mutanen da ba su san Abari ba sai a mota. Na ce a je a ɗauko, Allah ya yafe mini.

Shegu ya ce mutum biyu su raka Galmai. Galmai ya ƙi, ya ce maƙogwaro ɗaya ya fi uku sauƙin shayarwa. Ya ɗauki sanda ya bi sawun taya. Na bi shi da ido. Kafin ya ɓace bayan tudu na ga ya saki sawun, yana tafe yana caka sandar a ƙasa.

Rana ba ta yi ja ba sai ga shi da ƙarfe a ka. Na ce a raina ya yi sauri. Kowa ya ruga, ni kuwa ƙarfen na duba. Nasa duka biyu sun sha taya har suna ƙyalli, da igiyar fata a kusurwa. Wannan ja ne da tsatsa, babu igiya, kuma ya gaza ɗan'uwansa tsawo. Babu wanda ya kula. Aka cusa, aka tura, motar ta hau ta wuce ba tsayawa sai da ta taka ƙasa mai tauri, muka bi ta a ƙafa.

Washegari a bakin rijiya na same shi yana wanke fuska.

Na ce, "Baba Galmai, ka tone shi?"

Ya miƙo mini gugan. "Sha ruwa, 'yata. Mota ta fita."

Daga baya na ji direbobi suna cewa laushin nan ya haɗiye tol ɗin mutane da yawa, kuma Galmai ya san inda kowace mota ta taɓa kafewa. To amma ni ma a ranar idona ba nawa ba ne. Wataƙila ban taɓa duban ƙarfensa da kyau ba, wataƙila tsatsar a raina take. In ma bai tona ba, ai ni bakina ya riga ya ce a tona.

Na ƙara ganinsa sau da yawa a tashar Dirku, muka gaisa, ban sake tambaya ba. Bara aka ce ya rasu. Har yau in na idar da salla na zo kan Abari, nakan rasa da wanne zan fara, neman gafara ko godiya. Sai in yi duka biyun.