Gwangwanin da Ke Cika a Hanyar Dawowa

Har gobe ban manta da ranar da Foman Haruna ya buɗe gwangwanin nan, ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni kamar ni na haifi injin. Ku da kuke aiki yanzu da motocin da na'ura ke faɗa muku ciwonsu, ku saurara ku ji yadda gwangwanin madara ya ɗaure kan gareji guda.

A 1976 ne, ina direba mai daraja ta biyu a sashen kiwon lafiya na yankinmu. A lokacin direba rabin makanike ne: kai za ka duba mai da ruwa, ka wanke fulogi, abin da ya fi ƙarfinka ka kai wa foman, wato shugaban gareji. Sama da foman akwai injiniya mai zuwa daga Kano lokaci-lokaci, shi ke da ikon cewa mota ta mutu a yi gwanjonta. Tawa tsohuwar a-kori-kura ce. Aikinta kai malamin asibiti da magani ƙauyukan da aka sake wa matsuguni bayan ruwan dam ɗin Tiga ya ci garuruwansu, mu dawo da wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Mafi nisa a cikinsu ita ce Unguwar Tudu, kuma ban da motata babu wata mai ƙafa huɗu da ke shiga can sai jaki.

Injin ya fara tsufa. Kowane inji yana da bututun numfashi, inda tururin cikinsa ke fita ya koma ta wajen shaƙar iska ya ƙone. In inji ya gaji, sai tururin ya riƙa zuwa da mai, ya jiƙa matatar iska, ya ɓata fulogi. Da injiniya ya gani, sai ya ce a ɗaura gwangwani a tsakani ya riƙa tare man. Ya ce wa foman, "Shi ne ma'auninmu. In ɗan kaɗan yake tarawa, ku ci gaba da lallaɓa ta. In yana cika, ringin cikin injin sun gama aiki, a kawo motar gwanjo." Duk mun san a shekarar ba za a ba mu wata ba.

Zaɓen gwangwanin ma sai da muka yi gardama. Kwalba za ta fashe a gargada, galan na roba zai narke, gwangwanin tumatir kuwa ya yi kaɗan. Muka tsaya a kan na madarar gari, mai murfin dannawa. Wani maƙerin fari a kasuwar Kwanar Ɗangora ya huda shi biyu a gefe, ya liƙa guntayen bututu da darma, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Muka cusa soson ƙarfe a ciki don tururin ya doke shi ya ɗige, muka ɗaure shi a tsaye nesa da zafin salansa, muka jona tiyo. Ni dai aikin ya burge ni, har na goge shi da tsumma.

Tafiyar farko, da muka isa Unguwar Tudu, na ajiye mota inda na saba, ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan Iya Tabawa, wata tsohuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ce wadda na taɓa kai jikarta Hajara asibiti tana naƙuda mai wuya, kuma Allah ya sa an sauka lafiya. Tun daga nan take neman ta ba ni kaza, ni kuwa ina ƙi, don doka ta hana mu karɓa. Na ɗaga bonet don inji ya sha iska, na ɓalle murfin gwangwanin. Ɗigo ne kawai a ƙasansa. Na girgiza shi, na sake leƙawa, na rufe, na tafi masallaci.

Muna komawa gareji foman ya buɗe. Cike yake dam, baƙi wuluk.

"Kai Sale, me ka yi wa motar nan?"

"Wallahi Maigida, da muka je babu komai a ciki."

"To a dawowa aljanu suka tatse ta?"

Ya zaro sandar awon mai. Mai yana nan a kan layinsa, ko gezau. Muka dubi sanda, muka dubi gwangwani, muka dubi juna. Inji bai rasa mai ba, ga shi kuma ya zubar da gwangwani guda.

Haka abin ya riƙa yi. In na je Badafi ko Ɗansoshiya, ɗigo. In na je Unguwar Tudu, a tafiya ɗigo, a dawowa tumbatsa, har ya malala cikin kafireta, mota ta riƙa tari tana tiƙo farin hayaƙi. Foman ya ce hawan tudun nan ne na bakin dam. Na ce ai a dawowa gangara muke yi. Ya ce to nauyin majinyata ne. Muka dawo ba kowa, ya cika. Muka juya tiyo, na shiga ya koma na fita, ya cika. Muka canza sandar awo, wai ko ita ke ƙarya. Wani kwandasta ya rantse ruhin garuruwan da ruwa ya ci ne ke bin motar, kuma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ban yi masa dariya ba. Ni har ƙamshin suya nake ji a cikin hayaƙin, amma na ɗauka ƙamshin gidan Iya ne ya maƙale mini a hanci.

Rannan foman ya bi ni da kansa. Ya buɗe da hannunsa a Unguwar Tudu, ya ga ɗigo. Muka yi azahar, mai unguwa ya tsare mu da tuwo. Muka dawo gareji, ya buɗe, ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Ya ce, "Sale, shekara da shekaru ina wannan aiki, yau na koma ɗan koyo."

Da injiniya ya zo, bai tsaya jin tatsuniyar tafiya da dawowa ba. Ya tambaya, "Yana cika ko ba ya cika?" Foman ya ce yana cika. Shi ke nan, aka yanke mata hukunci, aka sa ta cikin motocin gwanjo. Aka bar mini ita in yi tafiya ɗaya in kwaso kayan malamin asibiti.

A wannan tafiyar raina a jagule yake, ko tuwon mai unguwa ban tsaya ci ba. Ina fitowa daga masallaci na nufi mota, sai na hango Iya Tabawa ta ɗage a kan turmi, rabin jikinta cikin bonet. Ta ɓalle murfin da bakin ludayi, tana tsiyaya man gyaɗa daga kwalba a hankali, kada ɗigo ya zuba a ƙasa.

"Iya! Me kike yi?"

Ta yi firgigit, kunya ta kama ta. "Ɗan nan, ba kai na ba ba, balle ka ce doka. Kullum ina ganinka ka buɗe kwanon motar, ka ga wayam, fuskarka ta ɓaci. Motar da ta ceci Hajara, ta zo ƙofar gidana ta koma da kwano wofi? Ai mu ba a yi mana haka ba a tsohon gari."

Na dubi kwalbar da ke hannunta. Man da take sayarwa ta ci abinci ne, kuma mafi kyawunsa take zubawa. Soson ƙarfen da daskararren baƙin mai su ke rina shi kafin mu isa gida. Na ce mata na gode, na ja mota.

Da na koma gareji na ba da labari, foman ya dangwala yatsa a gwangwanin ya lasa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya hau babur ya tafi Kano neman injiniya. Ya tarar an riga an sayar da motar ga wani ɗan kasuwa na Tudun Wada. Shekaru bayan nan ina ganinta tana jigilar masara daga Doguwa, lafiyarta lau. Unguwar Tudu kuwa, daminar nan a kan amalanke suka riƙa fito da marasa lafiya zuwa bakin titi, kuma ba duka ne suka iso ba.

Da na je a keke in yi musu sallama, na ce an sayar da motar, Iya ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ashe bai ishe ta ba. Da ka faɗa mini, ai da na ƙara."

Ban faɗa mata cewa man da take zubawa ne ya jawo ba, kuma har ta koma ga Allah babu wanda ya faɗa mata. Abin da nake so ku riƙe shi ne, awo yana nuna abin da ke ciki, ba ya nuna hannun da ya zuba. Mun yi ta tuhumar tudu da tiyo da aljanu, ba wanda ya tsaya ya tambayi mutanen da motar ke yini a ƙofar gidansu. Kafin ku yanke wa inji hukunci, ku zauna kusa da shi ku ga waye ke ƙaunarsa.