Fagen Pompo a Dabaga

Ni da ko kasuwar dabbobi sai na shekara ban leƙa ba, sai ga ni a tashar Agadas da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Ɗana Ibro ne ya aiko mini kuɗi daga ramin zinariya, ya ce, “Inna, ki sayi firigo mai panno, farantin hasken rana, ki riƙa sayar da ƙanƙara. Amma ki lura, ramin ya ƙare, babu na biyu.” Na riga na ga wani ƙaton firigo da zai cinye kuɗin duka. Kafin in saya, na ce bari in je Dabaga in ga taubashina Ahmadu, da ya shekara huɗu yana ban ruwan lambunsa da pompo, injin jan ruwa mai aiki da hasken rana.

Asabar, kan hanya

Jika biyu shofer ya karɓa. Ya ce, “Hajiya, gaba ko baya?” Na ce gaba, ƙashina ba na haya ba ne. A bariyar fita gari, wurin shingen bincike, jandarma ya duba takarduna, ya dube ni, ya ce hoton ya fi ni ƙuruciya. Na ce shi ma zai zo wurin. Kilomita arba'in da biyar ne, amma duwatsu da ƙoramu suka ja mu har ƙarfe takwas saura kwata.

Dabaga

Ahmadu na hango ni ya ɗaga murya: “Yau rijiya za ta ƙafe, kifin gida ya fito!” Matarsa ta kawo shayi da cuku, muka sha a gindin dabino. Kunnena kuwa yana wurin pompo. Yana ta gunjinsa, amma can ƙasa ina jin wani ɗan kuka kamar na tsohon keken ɗinki.

Na ce, “Ahmadu, abin nan naka ba shi da lafiya.”

“Kin ji ke nan? Ya kusa mutuwa. Wata biyu na ba shi.”

“Kuma kana dariya?”

Sai ya ja ni ƙarshen lambu, ya nuna mini fagen albasa guda da aka kewaye da fararen duwatsu. Ya ce, “Wannan ba nawa ba ne, na pompo ne. Tun ranar da na sayo shi na yanka masa. Ko suna ake a gidana ba a taɓa kuɗinsa, na gyaran pompo ne ko sayen sabo.” Ya nuna lambun maƙwabcinsa, panno shida na ƙyalli a kan busasshiyar ƙasa. “Shi babban pompo ya saya, bai bar ko dala ba. Da ya lalace, kafin ya haɗa kuɗin makanisiyan mai gyara daga Agadas, tumatir ya ƙone.”

Na tambaye shi har ya gaji: wa ke goge panno, batiri shekara nawa yake yi, wa ke riƙe kuɗin. Ya ce matarsa, don shi hannunsa ɓulalle ne.

Lahadi, komawa

Motar albasa na samu da ƙarfe bakwai, jika ɗaya da rabi, idona na hawaye har gida. Da azahar na je kanti na sayi ƙaramin firigon. Mai kanti ya ce, “Hajiya, babban fa?” Na ce ya bar wa mai ramin da bai ƙare ba.

Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa Ahmadu duk da bakinsa. Hawa uku ne a cikin firigon nan. Na ƙasan na ɗaura masa jan zare, kuɗin ƙanƙararsa na gyaran firigo ne, kuma ko Ibro ya dawo da ƙishirwa, sai ya biya.