Sabi'u Direba da Motocin da Suka Daina Ihu

Shekara tara ke nan da rasuwar Sabi'u Direba, kuma daga Gaya har Ajingi babu mahalukin da ya san zuciyarsa kamar ni. Ko mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙan ta, da ni za ta tambaya. Haka nake faɗa a duk majalisar da na zauna.

Abin da ya haɗa mu tseren motocin nan ne masu tayoyi a waje, masu kujera ɗaya. Ran Lahadi da rana sai mu tare mai gidan kallon ƙwallo da magiya ya juya mana tasha kafin a take wasa. 'Yan ƙwallo na zaginmu, mu ko a jikinmu. A lokacin inji inji ne. In mota ta wuce, kwanon rufin gidan kallon har rawa yake, na rantse akwai ranar da ƙarar ta fi ta janareta. Ana zuba mai a tsakiyar tsere, wuta ta tashi, direba ya fito yana kakkaɓe jiki. Sabi'u ya dafe hula yana cewa, "Iro, waɗannan su ne direbobi, mu masu tura amalanke ne."

Ran kasuwar Ajingi tayar bas ɗinsa ta gaba ta fashe. Motar ta wuntsila, rufin ya lotse a kansa. Fasinjoji sun fita da karaya. Shi ba a iya zaro shi ba sai da aka kawo gatari. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Tseren yau kuwa, kayya. Inji ya koma gunaguni kamar firji, an cusa masa batir, direba na lallaɓa taya yana jiran a gaya masa ta rediyo yaushe zai taka. Yaran yanzu a waya suke kallo, suna cewa wai ya fi dabara. Kullum muna musu a bakin tasha, in sun ƙure ni sai in jawo marigayi: da Sabi'u na raye da ya tofar da yawu ya koma kallon dambe. Nan kowa ke yin shiru, don ba a musu da mamaci. Gaskiya abin da ya rage mini na abokina ke nan, bakinsa da nake ara.

Makon jiya na yi zafi a kan wani ƙarfe da aka kafa wa motocin tseren a saman kan direba, wai kariya. Na ce an mayar da maza 'yan kaji a akurki, na ce tseren da ba a tsoron mutuwa a cikinsa wasan yara ne, kuma Sabi'u da kansa zai faɗi haka. Ban lura Nura, babban ɗansa, ya ajiye adaidaitarsa a bayana ba. Da shi ake kallon tseren yanzu, amma bai taɓa sa baki a musunmu ba.

Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce, "Baba Iro, ka daina sa mahaifina a ɓangarenka. Da motarsa na da ƙarfen nan, da yau da shi kake musu."