Ranar da Na Gyara Faifan Inna

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Malam Sani, malamin kimiyya. Ni aji uku na yi a Gwarzo aka gane jakin gidanmu ya fi makaranta bukatata. Shi kuwa ya yi ta karatu har ya kai ga taurari.

Wata shekara ya aiko daga Kano in kai masa tsohon faifan Inna, wanda bakinsa ya lanƙwashe. Da shi zai yi bayani gaban malaman da za su yanke ko ya ci digirinsa. Na dubi faifan, gefe ya ɗaga, gefe ya sauka. Na ce ba za a yi wa gidanmu dariya a birni ba. Na jiƙa shi, na danne da dutsen niƙa kwana biyu, ya miƙe sambal.

Da ya gani sai ya dafe kai. "Yaya, ka kashe ni. Ai lanƙwasar nake so."

Ya zaunar da ni, ya ce taurari gungu-gungu suke, gungun yana juyawa kamar faifai, iskar gas ɗin da ke bakinsa kuma takan lanƙwashe. Daga nan ake gane inda nauyi yake, har wanda ido ba ya gani.

Na ce, "Wannan ne karatun? Ni ma in mangala ta karkata a bayan jaki na san ɓangaren da aka fi cusa wa taki, ban leƙa ba."

Ya yi dariya, amma ya rubuta. Saura kwana ɗaya ya tsaya gaban malaman. Na sake jiƙa faifan, na murɗa, na ɗaure shi a rana. Sani ya ci digirinsa. Ya ce min har maganar mangalar ya kawo wa malaman, ya ce daga wani masani a Gwarzo ya ji.

Yau hoton gungun taurari yana cikin waya, a kasuwar Kabo ma an nuna min. Da Sani yana nan zai yi murna, sannan ya bi mutane yana tambayar me suka gane.

Gara ta ci rabin littattafansa, sauran ban iya karantawa. Amma ɗalibansa suna zuwa gaisuwa har yau, kuma sukan tambayi masanin nan na Gwarzo, don bai taɓa faɗa musu sunansa ba. Nakan shimfiɗa musu tabarma in ce bai daɗe da fita ba, su ɗan jira. Allah ya jiƙan Sani, ya sa ya huta.